Rabin Ma'anar Balas

Azumin bana a sanyi ya zo mana. Da la'asar sai na yafa mayafi biyu kafin in zauna a baranda, jikokina kuwa suna kwance a ɗaki suna ƙorafin ƙishirwa, ina yi musu magana da Hausa suna mayar mini da Larabci. Ba na faɗa da su, kowa da irin azumin da Allah ya rubuta masa. Sai dai duk sa'ad da ɗayansu ya ce ya gaji, hankalina yakan koma Jurf, unguwarmu ta bayan garin Madina, can wajen ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da azumi ke faɗowa a tsakiyar zafi. Yakan kuma koma kan wata kalma ɗaya ta Turanci da na ji rabin ma'anarta, na yi aiki da ita.

Jurf ta lokacin ba wannan mai benaye da kwalta ba ce. Gonakin dabino ne da gidajen bulo jefi-jefi, sai hanyar ƙasa. Malam, mijina, ɗalibi ne a jami'a. Daga Katsina muka zo, muna da 'yan mata biyu, Hafsa da Sa'a, ga cikin na uku wata biyar. Ɗaki biyu muke zaune, da ɗan tsakar gida wanda in ka shanya zane uku ya cika. Ta biyar ɗinmu ita ce Goggo Dije, yayar mahaifin Malam, wadda ta raine shi tun da mahaifiyarsa ta rasu. Aikin hajji ta zo shekara biyu kafin nan, ta ce ita kam ta zo ke nan. Burinta ɗaya a duniya, kuma ba ta ɓoye shi: ta mutu a Madina a rufe ta a Baƙi'a, maƙabartar da ke gefen Masallacin Annabi. Kullum in na gaishe ta da kwana sai ta ce, "Lafiya lau, uwar ɗakina. Yau ma ba a kira ni ba."

Mace ce mai jiki, gwiwoyinta sun daina ɗaukarta. Ba ta girki, ba ta wanki, ko wake ba ta iya tsincewa don idon ya yi rauni. Tabarmarta tana bakin ƙofar ɗakin da take kwana da yara, nan take wuni da carbi. Yaran suna manne da ita, matan unguwa su leƙo su zauna a gefenta su yi hira, in ta ji muryata da ta Malam ta fara hawa sai ta yi gyaran murya sau ɗaya, mu yi shiru. A lokacin ban lissafa waɗannan a cikin aiki ba. Abin da na sani shi ne ni ke ɗaga ta, ni ke zaunar da ita, ni ke kai ta bayi in tsaya a ƙofa.

Ranar azumi a gidan nan da ruwa take farawa. Motar ruwa, wadda ake ce wa wayit, ita ke cika mana tanki, amma a wannan bazarar sai ta yi kwana uku huɗu ba a ga ƙurarta ba. Da an idar da sallar asuba Malam zai ɗebo jarka biyu ya ajiye, ya rataya jakar littattafansa ya tafi Harami ɗaukar karatu, ba zai dawo ba sai bayan la'asar. Jarka biyu a gidan mutum biyar, a wannan zafi! Sauran ni ke ɗebowa daga kwamin ban-ruwa na wata gonar dabino da ke bayanmu. Sawu uku, wani lokaci huɗu, kafin rana ta ɗaga. Daga nan wanki, sai wankan yara, sai wankan Goggo wanda shi kaɗai yana cin bokiti guda. Akwai wata tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki mai ciyawa a ciki, ita ma ruwa take sha kafin ta huro ɗan sanyi, kuma a ɗakin Goggo take.

Da hantsi ya wuce sai iskar samum ta taso. Wanda bai san ta ba ba zai gane ba. Iska ce mai zafin bakin murhu, in ta bugi fuskarka sai ka ji idonka ya bushe. Marikin ƙofa ba ya taɓuwa sai da tsumma. Mu jiƙa zannuwa mu lulluɓa, kafin ka juya sau biyu sun bushe ƙayau. Harshe ya manne a dasashi, miyau ya zama kamar ƙaro. Malam ya ce in sha azumi saboda cikin, addini ya ba ni dama. Na ƙi. Taurin kai ne, na sani, amma ina ganin kunya ce a ce ina Madina tsohuwa tana azumi ni ina shan ruwa.

Bayan la'asar a hura risho. Gero sai an je cikin gari ake samu, don haka kunun tsamiya ba kullum ba. Yawanci shurba ce, romon hatsi irin na mutanen nan, da ɗan ƙosai in na samu ƙarfin niƙa wake. Ina tsugune gaban wuta, gumi na shiga mini ido, cikin yana tokare mini numfashi. In iska ta juyo mukan ji ƙarar igwar buɗa baki daga can cikin gari. Kurɓin farko na ruwan randa, wallahi har yau ban sha abin da ya kai shi daɗi ba, kuma ban cika samunsa a zaune ba, don sai na fara miƙa wa Goggo nata.

Mai gadin gonar da nake ɗebo ruwa wani dattijo ne da ake kira Baba Bahari. Bahaushe ne amma a Bor Sudan aka haife shi, iyayensa sun taso hajji a ƙasa suka yada zango can, zangon ya zama gida. Ƙuruciyarsa duk a jiragen ruwan Turawa ya yi ta. Hausarsa rabi Larabcin Sudan ce, jirgin ruwa ma babur yake ce masa, na daɗe ina mamakin yadda mutum zai yi shekara ashirin a kan babur. Kullum kafin magariba yakan kawo wa Goggo ɗanyen dabino a cikin ganye, su ɗan taɓa barkwanci.

Wata yamma ya shigo ya tarar ina kokawar ɗaga ta, na sa kafaɗa a hammatarta, ni ina nishi ita tana nishi. Da ta daidaita sai ta ce masa, "Ka gan ni nan, Bahari. Kaya ce ni, kayan da ba mai saye."

Ya yi dariya ya ce, "La, la, Hajiya. Ke balas ce."

Ba wanda ya tambaye shi, aka kira salla. Amma kalmar ta tsaya mini. Washegari a bakin kwami, ina jiran jarka ta cika, na ce, "Baba, mene ne balas ɗin nan da ka kira Goggo?"

Ya jingina fartanyarsa, don ba abin da yake so irin a tambaye shi zancen teku. "Kalam ne na Ingilishi, ya bitti, 'yata, na mutanen bahar. In babur zai tashi ba kaya, sai a loda masa yashi da duwatsu can ƙasan cikinsa. Wasu ruwan bahar ɗin ma suke ɗurawa. Nauyi ne kawai. Ba a sayar da shi, ba mai jiransa a mina, wato tashar jirage, ba sunan kowa a kai. Mu muke lodawa da kwando, bayanmu ya ƙage. To in an isa mina aka samu kaya na gaske, auduga ko buhunan gyaɗa, halas, shi ke nan, sai a kwashe shi a zubar, a sa kaya."

Jarkata ta cika. Na rufe, na ɗora a kai.

"Tsaya, ya bitti, ban gama ba."

Na ce, "Rana tana yi, Baba, sai an jima." Na tafi. Gaskiyar magana na riga na ji abin da nake so in ji. Nauyin da ba mai jiransa, wanda ake zubarwa in kaya na gaske sun zo. Ina tafe ina jin motsin ɗan da ke cikina, ina cewa a raina to ga kaya nan tafe.

Ranar sha bakwai ga wata abin ya fashe. Kwana huɗu ba wayit. Na yi sawu huɗu, na ajiye jarka ɗaya a gefe don girki da buɗa baki, jiri ya ɗebe ni na kwanta a ɗakinmu. Da na tashi sai na tarar da jarkar ta koma rabi. Goggo ta ja jiki ta kai gare ta, ta jiƙa zannuwa ta lulluɓe yaran, ta zuba sauran a na'ura. Yaran suna barci lafiya a jikinta. Ban ga wannan ba, jarkar kawai na gani. Na ɗauki wata jarkar na koma gona a tsakiyar rana, ƙasa tana cin tafin ƙafata ta cikin silifa, ina tafe ina kukan da ba hawaye.

Bayan an sha ruwa na ja Malam ɗaki na ce, "Malam, in na haihu wa zai riƙa ɗaga Goggo?"

Ya ce, "Allah zai kawo mafita."

"Allah ya kawo. Abokinka da ya gama karatu zai koma gida da iyalinsa bayan Salla. A haɗa ta da su. A can tana da 'ya'yan 'yan'uwa cike da gida, a nan ni kaɗai ce, kuma na ƙare."

"Kin san abin da ya zaunar da ita."

"Na sani. In na faɗi a bakin kwami da cikin nan, ni za a riga kaiwa Baƙi'ar."

Daga tsakar gida muka ji gyaran murya, amma ranar ban saurara ba. Na ce masa ko Baba Bahari ya faɗa, balas ce, na kuma fassara masa yadda aka fassara mini. Ban rage murya ba. Ɗakuna biyu ne, labule ne a ƙofa.

Kwana uku ina maimaita magana ɗaya, safe da yamma, har Malam ya sare. Shi ya gaya mata, yana durƙushe gabanta kansa a ƙasa. Ina daga bakin risho ina jiran kuka ko faɗa. Ta ja carbinta ta ja, sannan ta ce, "To. Yarinyar nan ta gaji, ina gani. A yi yadda ya fi sauƙi." Shi ke nan abin da ta ce. Daga ranar, in na gaishe ta da kwana, "Lafiya lau" kawai take amsawa.

Labari ya kai wa Baba Bahari. Da safe ya tare ni a bakin kwami, ko gaisuwata bai amsa da kyau ba.

"An ce da maganata kika kori Hajiya."

Na ce, "Ba korarta aka yi ba, Baba."

"Na ce miki ban gama ba, kika ɗauki jarka kika tafi. Yau sai kin ji." Ya toshe bakin ruwan da ƙafarsa. "Kin san don me ake wahalar loda yashin nan? Babur in ba balas, yana tsaye a mina kyakkyawa, sama-sama, ba nauyi. Fita bahar, iska kaɗan, igiyar ruwa ɗaya ta buge shi a gefe, ya kife. Da idona na ga wanda ya kife. Nauyin nan na ƙasa da ba a gani, shi ke riƙe shi a tsaye. Shi ya sa Ingilishi suke kiran mutum da shi. Muna da wani tsohon kuku, hannu na rawa, ko shayi ba ya iya kaiwa bai zubar ba. Aka ce a sallame shi, kabtan ya ce abadan, wannan shi ne balas ɗinmu. In yana zaune a wuri ba a zare wuƙa. Yabo ne, ya bitti. Yabonta na yi."

Na ce, "Amma kai ka ce in kaya sun zo ana zubarwa."

"Don kayan suna da nauyin da za su riƙe babur! Jariri ne zai riƙe miki gida?"

Ya janye ƙafarsa ruwa ya ci gaba da zuba. Shekaru bayan haka, da Hafsa ta yi karatu, na sa ta duba mini a ƙamus. Ballast suke rubuta shi, kuma ma'ana biyu ta samu, ta ɗaya da ta biyu, daidai yadda tsohon ya jera su.

Nan ne wurin da nake jin kunyar faɗa. Na gane maganarsa tun a bakin kwamin, ban buƙaci ƙamus ba. Kuma lokaci bai ƙure ba. Ranar jajiberin Salla ina guge wa yara kaya Malam ya tsaya a kaina ya ce, "Ko a bari sai bayan kin haihu, a gani?" Kalma ɗaya yake jira. Da na ce a bari, da an bari, da murnarsa ma. Na dubi ƙafafuna da suka kumbura, na tuna bokitin wanka da hammatar nan mai nauyi a kafaɗata, na tuna saura wata biyu zafi ya sauka. Na ce, "An riga an gama magana." Ba ƙinta nake yi ba, Allah ya sani. Gajiya ce, irin wadda ko an nuna maka gaskiya ba ka da ƙarfin miƙa hannu ka karɓa.

Kwana uku bayan Salla, da sassafe, mota ta zo za ta kai su Jidda. Kayanta akwati ɗaya ne da jarkar zamzam. Matan unguwa suka cika tsakar gida, Baba Bahari ya kawo dabino kwali guda ya ajiye bai dube ni ba. Ni na ɗaga ta, kamar kullum. Da muka zaunar da ita a mota ta riƙe hannuna ba ta saki ba.

"Uwar ɗakina, kin yi mini shekara biyu. Allah ya ba ki masu yi miki, ya sauke ki lafiya."

Ta ƙara jawo ni kusa, ta ci gaba.

"Saƙo ɗaya zan ba ki. In kin samu sauƙi kin je Harami, ki tsaya a jikin katangar Baƙi'a ki yi musu sallama. Ki ce Dije ta zo, ta jira shekara biyu, ba a kira ta ba."

Na ce to. Direba ya ja ƙofa.

Ba zan yi ƙarya ba, satin farko na huta. Jarka biyun Malam da sawu ɗaya suka riƙa isarmu. Na koma ɗaki mai na'ura, na yi barcin rana har da minshari. A sati na biyu ne ina wannan barcin Sa'a ta buɗe ƙofa ta fita ba takalmi da tsakar rana, sai ihunta na ji, tafin ƙafafunta duka biyu suka tashi, ta yi kwana goma ba ta taka ƙasa ba. Malam ya dawo ya ce ina nake, na ce shi ina yake. Muka yi ta yi, murya tana hawa, ina sauraron inda za a yi gyaran murya ba a yi ba. Ranar na faɗa masa maganganun da shekara bakwai na aurenmu ban taɓa faɗa ba, shi ma haka, har maƙwabta suka jiyo. Matan unguwa da suke cika mana gida suka ɗauke ƙafa a hankali, ashe ba wurina suke zuwa ba. Malam ya fara kaiwa isha a Harami. Gidan ya yi sauƙi ya yi fili, kuma abu kaɗan sai ya hargitse.

Zafi ya sauka, aka yi hajji aka watse, sanyi ya shigo. Na haifi namiji. Ban yi arba'in ba wani ɗalibi da ya dawo daga gida ya kawo wasiƙa. Malam ya karanta a tsaye a tsakar gida, ya ninke ta, ya sa a aljihu, ya ce, "Goggo ta rasu." Zazzaɓin kwana biyu ta yi, aka rufe ta a bayan garinsu. Na ƙirga da yatsuna. Wata huɗu da 'yan kwanaki tsakanin tafiyarta da rasuwarta. Wata huɗu kawai ya rage mata, kuma rabinsu ma ba zafi.

Malam bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko da ido, har ya koma ga Allah. Da na yi masa zancen sau ɗaya cewa ya yi kowa da ƙasar da aka rubuta za ta karɓe shi, ba mai matsar da ita taki ɗaya. Na sani, na kuma yarda. Shi a nan aka rubuta masa, yana Baƙi'a shekara tara ke nan.

Don haka ina zuwa jikin katangar nan, yanzu a keken guragu ɗana ke tura ni. Ranar Juma'ar da ta wuce ma mun je. Na yi wa mutanen wurin sallama, na yi wa Malam addu'a. Sai in zo kan saƙon Goggo, in buɗe baki, in tuna wadda ta tashe ta daga wurin jiran, sai maganar ta ƙi fita. Ɗana ya sunkuyo ya ce, "Umma, halas, mu tafi?"

Na ce mu tafi. Shekara arba'in da wani abu, saƙon yana wurina.